Gicciye ne ko gungume? Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi asalin kuros

"Baba Malam ina wuni, ya aiki. Don Allah ina da tambayar da ta daɗe tana damuna. Ni 'yar ECWA ce, tun ina ƙarama nake sa sarƙa mai kuros. To akwai wani abokin aikina Mashaidin Jehobah, ya ce min wai ba a kan kuros aka kashe Yesu ba, a kan gungume ne guda ɗaya a tsaye, kuma wai kuros alamar wani gunki ne Tammuz, sarki Konstantin ne ya cusa shi cikin coci. Sannan ni kaina na lura na Katolika akwai mutum a jiki, namu babu, na wasu kuma sanduna uku ne. Wanne ne na gaskiya? In ci gaba da sawa ko in cire?"

Lafiya lau 'yata, Allah ya yi albarka. Kin kyauta da kika tambaya maimakon ki zauna da abu yana cin ki a rai. In na fahimce ki da kyau abu uku ne suka cakuɗe a maganarki, yaya siffar itacen da aka kashe Yesu a kai take, daga ina Kiristoci suka samo wannan alamar, sannan me take nufi da har za a rataya ta a wuya ko a kafa ta a kan rufin coci. Tarihin ikilisiya nake koyarwa a makarantar Baibul, kuma da wuya in gama zango ba tare da wani ɗalibi ya ɗaga hannu da zancen Tammuz ɗin nan ba, don haka bari mu bi ta a hankali. Amma tun yanzu in faɗa miki inda na tsaya. Gicciye, wato kuros ɗin da kike magana, ba zane bane da wasu suka zauna suka zaɓa don ya yi musu kyau, ba kuma aro aka yi wurin masu bautar gumaka ba. Kayan kisa ne na gwamnatin Romawa, siffarsa daga nan ta fito, ma'anarsa ma daga nan ta taso.

Kafin ya zama alama

Tun ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Yesu ana kashe mutane ta hanyar rataye su a itace. Mutanen ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, sun yi, mutanen Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau sun yi, sarki Iskandari Mai Girma ma da ya ci birnin Taya a shekara ta 332 kafin haihuwar Almasihu marubutan tarihi sun ce mutum wajen 2,000 ya gicciye a bakin teku. Amma Romawa ne suka riƙe abun sosai har ya zama hukuncin da aka san su da shi. Bayan sun murƙushe tawayen bayi na Spatakus a shekara ta 71 kafin haihuwar Almasihu, bayi 6,000 suka jera a kan itatuwa a gefen babbar hanyar da ta tashi daga Kapuwa zuwa Roma. Yosefus, Bayahuden nan marubucin tarihi da ya ga yaƙin Urushalima na shekara ta 70 da idonsa, ya ce akwai lokacin da sojojin Roma ke gicciye mutum 500 ko fiye a rana ɗaya a gaban ganuwar birni, har aka rasa wurin kafa itace aka kuma rasa itacen kansa.

Kuma ba kowa ake yi wa ba. Hukuncin bayi ne da 'yan fashi da masu tayar wa gwamnati ƙayar baya, cikakken ɗan ƙasa Barome ba a cika yi masa haka ba. Sisero, babban lauyan Roma, cewa ya yi ko sunan gicciye bai kamata ya kusanci tunanin Barome ko idonsa ko kunnensa ba. Don manufar ba mutuwa ce kaɗai ba, in mutuwa ake so ai takobi ya fi sauri. Tozarci ake nema, a tuɓe mutum, a yi masa bulala, a ɗaga shi a bakin hanya inda kowa ke wucewa, wani ya yi kwana biyu ko uku bai cika ba, sau da yawa ma ba a ba da gawar sai tsuntsaye su cinye ta. Masu shekaru irin namu sun tuna zamanin mulkin soja da ake ɗaure 'yan fashi a jikin turaku da durom-durom a bayansu a harbe su a bainar jama'a. To ki ƙaddara wani ya sa maƙeri ya ƙera masa ɗan ƙaramin turken nan da zinariya ya rataya a wuya ya ce ga alamar Ubangijina. Haka zancen gicciye ke sauka a kunnen mutumin Roma na lokacin. Ga Bayahude kuma abun ya fi haka muni, tunda Maimaitawar Shari'a 21:23 ta ce wanda aka rataye a itace la'ananne ne. Shi ya sa Bulus bai ɓoye ba, a 1 Korantiyawa 1:23 ya ce wa'azin Almasihu gicciyayye abin tuntuɓe ne ga Yahudawa, wauta kuma ga al'ummai. Ki riƙe wannan da kyau, don duk mai son sabon addininsa ya samu karɓuwa a wancan zamani, gicciye shi ne abu na ƙarshe da zai ɗauko.

To yaya siffar itacen take?

Gaskiyar magana babu ɗaya cikin Matiyu da Markus da Luka da Yohanna da ya tsaya ya kwatanta itacen. Cewa kawai suka yi aka gicciye shi, suka wuce, don duk wanda suke rubuta wa ya san yadda abun yake, ya sha gani a ƙofar gari. Kuma abokin aikinki yana da gaskiya a wuri ɗaya, kalmar Girkanci da suka yi amfani da ita, stauros, a tsohon Girkanci na can baya turke take nufi, itace ɗaya a tsaye. Sai dai kafin zamanin Yesu kalmar ta riga ta faɗaɗa ta zama sunan duk itacen da Romawa ke kashe mutum a kai, ko wace siffa gare shi. Kuma siffofin da yawa ne, Seneka da ya rayu a ƙarni ɗaya da manzanni ya ce ya ga iri-iri, wasu kansu ƙasa ake juya su, wasu a tsire su, wasu a miƙe hannuwansu a kan itacen kwance. Don haka gungume ɗaya ba ƙarya bane cewa an yi amfani da shi. Tambayar ita ce wanne aka yi wa Yesu.

A nan sai mu bi alamu. Al'adar Romawa da aka fi sani ita ce wanda aka yanke wa hukunci ya ɗauki itacen kwance, wanda suke kira patibulum, a kafaɗa ya bi cikin gari da shi, in an isa wurin kisa a ɗaure ko a kafe hannuwansa a jiki sannan a ɗaga shi a kan na tsaye. Wannan ya dace da labarin da muka sani na Yesu ya fito ɗauke da itacensa har aka tilasta wa Siman mutumin Kurane ya taya shi, Kurane kuwa a Libiya ta yau take. Sannan ki duba Yohanna 20:25, Toma bai ce sai ya ga gurbin ƙusa a hannuwansa ba, ƙusoshi ya ce, jam'i, alhali zanen gungume da ake nunawa ƙusa ɗaya ce ta haɗa hannu biyu. Matiyu 27:37 kuma ta ce allon laifinsa a bisa kansa aka sa, da hannuwansa a miƙe suke sama a kan turke da a bisa hannuwansa za a ce.

Amma ni abun da ya fi gamsar da ni shi ne shaidar mutanen da suka rayu lokacin da ake kan gicciye mutane, waɗanda ba sa buƙatar kowa ya zana musu. Akwai wata tsohuwar wasiƙa da ake kira ta Barnaba, an rubuta ta a ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, ta kwatanta gicciyen Yesu da harafin T, ta kuma haɗa shi da Musa da ya miƙe hannuwansa gefe da gefe a lokacin yaƙi da Amalekawa. Jastin Shahidi, wani marubuci Kirista, wajen shekara ta 150 ya bayyana itace ɗaya a tsaye da wani a gicciye da shi. Har maƙiya ma sun ba da shaida. A 1857 an gano wani zanen ba'a da aka karta a jikin bango a tudun Palatin a Roma, masana na sa shi wajen shekara ta 200, an zana mutum mai kan jaki a gicciye hannuwansa a miƙe gefe da gefe, wani yana tsaye a gabansa ya ɗaga hannu, a ƙasa an rubuta wai Aleksamenos yana bauta wa allahnsa. Wani ne ke wulaƙanta Kirista, kuma da ya tashi zana abun da Kiristan ke girmamawa itace biyu ya zana ba ɗaya ba. Duk sanda na nuna wa ɗalibai hoton nan ajin kan yi tsit, don mutum bai taɓa tunanin ɗaya daga cikin zanen gicciye mafi tsufa da muke da su zagi ne ba. Haka nan a wasu tsofaffin kwafe-kwafen Luka da Yohanna na wajen shekara ta 200, masu kwafa in sun zo kalmar gicciye sukan taƙaita ta su haɗa haruffa biyu su zama kamar T da ɗan zagaye a sama, sak mutum a rataye.

Inda shaida ta tsaya kenan. Itace biyu ne, wannan ina da ƙarfin gwiwa a kai. Amma ko kamar T yake babu abin da ya ɗara sama, ko kuma kamar wanda muka saba gani mai ɗan kai a sama, babu mai iya yanke miki. Zancen allo a bisa kansa ya fi karkata ga na biyun, shi ke nan. Ko tonon ƙasa bai raba gardamar ba. A 1968 an tono akwatin ƙasusuwa na dutse a arewacin Urushalima, na wani mutum mai suna Yehohanan da aka gicciye a ƙarni na 1, da ƙusar ƙarfe mai tsawon santimita 11 da rabi har yanzu a cikin ƙashin diddigensa, bakinta ya lanƙwashe shi ya sa suka kasa zare ta. Wannan ya tabbatar ana kafa ƙusa, ya kuma nuna akan ba dangi gawar wanda aka gicciye su binne, amma bai nuna siffar itacen ba. Su Shaidun Jehobah kuwa, mujallarsu ta ɗauki hoton gicciye da kambi a bangonta har farkon shekarun 1930, a tsakiyar shekarun ne suka koma ga koyarwar gungume.

Tammuz da Konstantin

Tammuz gunki ne na gaske na mutanen Babila, yana ma cikin Littafi Mai Tsarki, Ezekiyel 8:14 ya ga mata suna yi masa kuka a ƙofar Haikali. Amma zancen wai gicciye harafin farko ne na sunansa, wani fasto ɗan Sikotlan mai suna Alexander Hislop ne ya yaɗa shi a shekarun 1850 a cikin rubutun da ya yi na sukar Katolika, daga nan wasu suka yi ta kwafa har ya iso wayoyinmu. Matsalar a fili take, mutanen Babila ba da haruffanmu suke rubutu ba, nasu rubutun da tsinke ake dannawa a kan laka, babu harafin T a ciki, asalin sunan ma a bakin Sumeriyawa Dumuzi ne. Kuma layi biyu da suka gitta juna ai babu al'ummar da ba ta zana shi ba, yana jikin tukwane da ƙorai da saƙa a ko ina a duniya tun kafin Kiristanci, kama da wane ba ta wane. Ko abin wuyan nan na azurfa na Buzaye da Turawa suka sa wa suna kuros ɗin Agadas, Musulmi ne ke ƙera shi suke sa shi, ba wanda zai ce don haka sun zama Kiristoci. Wuri ɗaya da aro ya faru a fili shi ne Masar, inda Kibɗawa Kiristoci suka ɗauki tsohuwar alamar rai ta zamanin Fir'auna, mai zagaye a sama, suka yi amfani da ita a matsayin gicciye, amma wannan a ƙarni na 4 da na 5 ne, bayan gicciye ya daɗe da kafuwa a cikin bangaskiyarsu.

Zancen Konstantin sarkin Roma kuma lissafin shekaru kaɗai ya isa. Tatuliyan, malamin ikilisiya a Kartaj, ya rubuta jim kaɗan bayan shekara ta 200 cewa Kiristoci na zana alamar gicciye a goshinsu da yatsa in za su fita, in sun dawo, in za su sa takalmi, in za su yi wanka, in za su ci abinci, in za su kunna fitila, kuma ya kira ta tsohuwar al'ada. Shekara ɗari kenan kafin Konstantin ya hau mulki. A wannan zamanin har arna na zarginsu da bautar gicciye, wani marubuci Kirista Minukiyus Feliks ya mayar musu da amsa cewa mu ba ma bauta wa gicciye ba ma kuma marmarinsa. Abun da ba su cika yi ba shi ne zana shi a fili, dalili kuwa ba ɓoyayye bane, ana tsananta musu kuma ana kan kashe mutane a kansa a ƙofar gari. Sai suka fi zana kifi, da kurciya, da makiyayi ɗauke da tunkiya, da ƙarfen tsayar da jirgin ruwa wanda in kin lura da shi akwai gicciye a ɓoye a samansa.

Abun da ya faru a 312 shi ne Konstantin zai gwabza da abokin hamayyarsa Maksentiyus a gadar Milbiyan kusa da Roma, Yusebiyus marubucin tarihin ikilisiya ya ce sarkin ya ba shi labari da bakinsa cewa ya ga gicciye na haske a sama da rubutu cewa da wannan za ka yi nasara, wani marubuci Kirista Laktantiyus kuma ya ce mafarki sarkin ya yi aka umarce shi ya sa alama a garkuwoyin sojojinsa. Alamar da ya fi amfani da ita ma ba gicciye zalla bace, haruffa biyu ne na farkon sunan Kiristi da Girkanci, masu kama da X da P a haɗe, har gobe za ki gan su a mayafin bagade a cocin Katolika da Angilika. A 313 aka ba Kiristoci 'yancin addini, daga baya ya hana hukuncin gicciye, mahaifiyarsa Helena ta je Urushalima wajen 326, aka gina coci a wurin da ake ɗauka nan ne Golgota da kabarin, aka keɓe shi a 335, labari kuma ya bazu cewa an samo ainihin itacen. Wata mata mai suna Egeriya da ta kai ziyara can a shekarun 380 ta rubuta yadda ake fito da guntun itacen ranar Jumma'a Mai Kyau mutane na sumbata, dikinoni na tsaye suna gadi don an ce wani ya taɓa gatsar ɗan guntu da haƙori ya gudu da shi. A Afirka ma a ƙarnin nan ne sarki Ezana na Aksum a Habasha ya cire alamar rana da jinjirin wata daga sulallan kuɗinsa ya sa gicciye.

Kin ga Konstantin bai ƙirƙiro gicciye ba, daga goshi ya ɗauke shi ya kai shi kan tuta. Kuma a nan ne ni nake ganin babbar hasara ta shigo, wadda ta fi zancen Tammuz cancantar a damu da ita. Alamar wanda gwamnati ta kashe ta koma alamar rundunar gwamnati. A 1095 da Paparoma Urban na 2 ya yi kiran yaƙi a Kilamon ta Faransa, gicciyen ƙyalle mayaƙan suka ɗinka a rigunansu, da shi a jikinsu suka yi wa Musulmi da Yahudawa kisan gilla a Urushalima a 1099, da shi kuma na bayansu suka wawashe Konstantinoful, birnin 'yan'uwansu Kiristoci, a 1204. Tabon bai goge ba, shi ya sa ko ƙungiyar agaji ta Red Cross da alamarta tutar Suwizalan ce aka juya launinta, Turkawan Usmaniyya a yaƙin 1876 suka ce su dai jinjirin wata ja za su sa. Ina gaya wa ɗalibaina kar su yi wa wannan tarihin kwaskwarima, wanda ya ce a mai da takobi kube ba a ɗaukar alamarsa a kashe mutum da ita.

Mai mutum a jiki da marar mutum

Ko bayan Konstantin sai da aka ƙara shekara wajen ɗari kafin a fara sassaƙa Yesu a kan gicciye a coci. Cikin mafi tsufa akwai na jikin ƙofar katako ta cocin Santa Sabina a Roma, wajen 430, kuma a irin waɗannan na farko idonsa biyu yake, a miƙe, ba alamar wahala, mai nasara ake nunawa. Sai wajen 970 aka samu irin babban gicciyen nan na Gero a birnin Kolon na Jamus, kai a sunkuye, ciki ya saki, matacce sosai. Daga nan Turawan Yamma suka ƙara nutsewa cikin tunanin shan wuyarsa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne zanen da Grunewald ya yi tsakanin 1512 da 1516 don asibitin sufaye a Isenhaim inda ake jinyar masu mugun ciwon fata, ya zana jikin Yesu duk gyambo da ƙuraje, don majinyacin da aka kawo gabansa ya ga Ubangiji ya san irin ciwonsa. Duk wanda ya ce gicciye mai mutum gunki ne kawai, bai tsaya ya ji abun da yake faɗa wa mai jinya ba.

Namu marar mutum kuma daga gyaran ikilisiya na ƙarni na 16 ya zo. Cikin jagororin gyaran, Martin Luta bai hana gicciye mai mutum ba, har yau yana cocin Lutaran da yawa, amma Zwingli a Zurik ya sa an kwashe siffofi daga coci a 1524, Kalbin ma haka ya koyar, hujjarsu doka ta biyu ce a Fitowa 20:4. 'Yan mishan ɗin SIM da suka fara zuwa a 1893 da na SUM da suka iso a 1904 daga wannan reshen suka fito, shi ya sa ECWA da COCIN da ire-irensu suka tashi da gicciye zalla. Mukan ce namu babu mutum don Yesu ya tashi, magana ce mai daɗi kuma ni ma ina faɗarta, sai dai bayani ne da ya biyo baya, kuma in an bi diddigi kabarin da babu kowa ciki ne shaidar tashi, tunda su ma ɓarayin nan biyu an sauke su daga nasu. Ɗan Katolika ya gaskata da tashin Yesu kamar yadda kika gaskata, shi yana nanata farashin da aka biya ne, ke kina nanata cewa aiki ya ƙare.

Mai sanduna uku na Otodoks ne, musamman Rasha. Ƙaramar ta sama allon nan ne da Bilatus ya sa aka rubuta Yesu Banazare Sarkin Yahudawa da Ibrananci da Latinanci da Girkanci, INRI da kike gani farkon kalmomin Latinancin ne. Ta ƙasa matakin ƙafa ce, sukan karkata ta, gefen da ya ɗaga na ɓarawon da ya tuba. Mai kama da X ana danganta shi da Andarawus, juyayye kai ƙasa kuma da Bitrus bisa tsohon labarin cewa haka aka gicciye shi a Roma, ba alamar Shaiɗan bace tun asali kaman yadda finafinai suka sa yara ke ɗauka. Habashawa nasu saƙaƙƙe ne mai ado, a Lalibela ma akwai coci sukutum da aka fafe daga dutse da siffar gicciye, kuma duk ƙarshen Satumba suna bikin Meskel na tuna samo itacen. Kibɗawa kuwa da yawansu a wuyan hannu suke yin zanensa tun suna yara.

Me yake nufi, kuma ki sa ko ki cire

A Sabon Alkawari ma'anar ba ɗaya bace. Akwai fansa, Galatiyawa 3:13 ta ɗauko ainihin ayar la'anar nan ta ce ya zama la'ana saboda mu. Akwai ƙauna, Romawa 5:8, tun muna masu zunubi ya mutu dominmu. Akwai sulhu, Afisawa 2:16 na maganar Bayahude da wanda ba Bayahude ba an kashe gabar da ke tsakaninsu ta wurin gicciye. Akwai nasara a Kolosiyawa 2:14 da 15, takardar bashinmu ce aka kafe a can. Sai wadda muka fi saurin tsallakewa, Luka 9:23, mai son bin sa ya ƙi kansa ya ɗauki gicciyensa kowace rana, kuma masu sauraronsa sun san wanda aka gani ɗauke da itacen nan ba gida zai dawo ba. Zancen da masu wa'azi ke yi cewa itacen tsaye tsakaninmu da Allah ne, na kwance tsakaninmu da juna, misali ne mai amfani amma ba aya bace, kar ki je kina nemanta.

Tunda cikin Musulmi muke zaune, wasu ma danginmu ne, ki san cewa su Alƙur'ani a Suratun Nisa'i aya ta 157 ya ce ba a kashe Annabi Isa ba ba a kuma gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne. Tafsirin ayar na malamansu ne, ba fagena bane. Mu kuma muna tsaye a kan shaidar Linjila, har Tasitus marubucin Roma da ba ya ƙaunar Kiristoci ya rubuta cewa an kashe Kiristi a hannun Bilatus a zamanin Tibariyas. Bambanci ne na gaske a tushen bangaskiya, a faɗe shi da ladabi ba tare da an ɓoye ba, kuma kar sarƙar wuyanki ta zama abin tsokanar kowa.

Batun sawa, babu ayar da ta umarta babu wadda ta hana. In kin sa ba ki yi bautar gunki ba, in kin cire ba ki yi musun Ubangiji ba, in kuma kin bi ta wurin da hankali ya ce ki tura ta cikin riga saboda tsaro ki tura, ba zunubi bane. Abun da nake tsoro, kuma na gan shi da idona a ƙauyukan da nake raka ɗalibai wa'azi, shi ne kuros ya zama laya. Na ga uwa ta sa shi ƙarƙashin matashin yaro mai zazzaɓi ta ƙi kai shi asibiti, na ga direban da ya rataya shi a madubi yana gudun da ya ga dama wai an tsare shi. Ƙarfe ne ko katako, ba ya korar aljani ba ya tare hatsari. Ki karanta 2 Sarakuna 18:4, macijin tagulla da Allah da kansa ya sa Musa ya ƙera, wanda Yesu ya kwatanta da ɗaga shi a gicciye a Yohanna 3:14, ranar da mutane suka fara ƙona masa turare sarki Hezekiya farfasa shi ya yi, kuma an yaba masa. In kin lura ranar da kika manta sarƙar a gida gabanki na faɗuwa kamar an bar ki ba kariya, to ajiye ta na wani lokaci har zuciyarki ta daidaita. In kuwa tuna miki take yi da wanda ya mutu dominki da irin rayuwar da ya kira ki gare ta, ci gaba da sa abinki. Shi kuma abokin aikinki kar ki yi faɗa da shi, ki ce ya buɗe nasa Littafin ku karanta Matiyu 27:37 da Yohanna 20:25 tare, ki tambaye shi a ina aka sa allon kuma ƙusa nawa Toma ya ambata.